Kanar Shittu Alao: Shugaban sojin saman da ya riƙa tuƙa jirgin yaƙi da kansa

Matafiyin da ya taso daga Bauchi zai je Abuja, idan ya bi ta Jos da Akwanga, sai ya ratsa Keffi kafin ya shiga Babban Birnin Tarayya. A garin na Keffi akwai barikin soja mai suna Shittu Alao, mazaunin bataliya ta 177 ta rundunar da ke tsaron fadar shugaban ƙasa. Dubban ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke zaune a Keffi da Masaka da Mararaba sun saba jin sunan barikin, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya faɗin wane ne mai sunan, da abin da ya yi har aka ga ya dace a riƙa tunawa da shi.

Kanar Shittu Akanji Alao shi ne ya shugabanci rundunar sojin saman Najeriya a kusan dukkan tsawon yaƙin basasa. An danƙa masa rundunar yana da shekara 30, a lokacin da ba ta mallaki jirgin yaƙi na sosai ko guda ɗaya ba. Ya rasu yana da shekara 32, shi kaɗai a cikin jirgin da yake tuƙawa, saura wata uku cif yaƙin ya ƙare. Tarihinsa gajere ne, amma a cikinsa akwai abin lura ga duk wanda aka taɓa ɗora wa nauyin ofishin da ba shi da kayan aiki, da kuma duk wanda aikinsa shi ne tsayawa a bayan shugaba yana ba shi shawara.

Haihuwa a ƙasar kuza

An haifi Shittu Alao a shekarar 1937 a Dorowa Babuje, wani gari da ke cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato a yau. Ga mutumin Bauchi wannan yanki ba baƙon wuri ba ne. Kafin 1926, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka ƙirƙiro lardin Filato, mafi yawan ƙasar tsaunukan Jos a ƙarƙashin lardin Bauchi take, har Turawa na kiran tudun da sunan Bauchi a taswirorinsu. Ƙaramin layin dogon da aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don kwasar kuza, shi ma sunan Bauchi aka sa masa, alhali bai taɓa isa birnin Bauchi ba.

Haƙar kuza ce ta tara jama'a a wannan yanki. Ban da 'yan ƙasa irin su Birom, akwai Hausawa 'yan ƙwadago da fatake daga Kano da Zariya da Bauchi, da Barebari, da Ibo masu aikin akawu da kanikanci, da Yarbawa 'yan kasuwa waɗanda da yawansu suka yi gida suka hayayyafa a can. Hausa ce harshen da ya haɗa kowa a kasuwa da bakin ramin haƙa. Sunayen Akanji da Alao na Yarbawa ne, amma a Arewa aka yanke wa mai sunan cibiya, kuma a cikin jerin hafsoshin Arewa aka riƙa lissafa shi bayan ya shiga soja. Wannan asali mai rassa biyu ya sa rabuwar ƙasa ba zance ne na nesa ba a wurin mutum irinsa.

Rundunar da gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kafa

Alao ya fara aiki ne a rundunar sojin ƙasa, domin a lokacin da Najeriya ta sami 'yancin kai a 1960 ba ta da sojin sama. An ji zafin wannan rashi tun da wuri. Da aka tura sojojin Najeriya aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960, da kuma Tanganyika a 1964, jiragen wasu ƙasashe ne suka riƙa kai su suna dawo da su. Ga shi kuma a farkon 1962 an soke yarjejeniyar tsaron da aka ƙulla da Ingila, bayan da ɗalibai da 'yan adawa suka tayar da ƙayar baya a kanta. Ya zama dole ƙasar ta nemi tsayawa da ƙafafunta.

Gwamnatin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, tare da ministan tsaro Alhaji Muhammadu Ribaɗu, ta raba ƙafa wajen neman taimako. An tura matasa koyon tuƙin jirgi a Habasha da Kanada da Indiya, sannan aka ɗora wa Jamus ta Yamma babban aikin tsara rundunar. A watan Afrilu na 1964 majalisa ta zartar da dokar da ta kafa rundunar sojin sama. Shugabanninta biyu na farko Jamusawa ne: Kanar Gerhard Kahtz, sai Kanar Wolfgang Thimmig, wanda a yaƙin duniya na biyu ya yi suna wajen kakkaɓo jiragen Ingila masu kai hari da dare.

Sabuwar runduna tana bukatar hafsoshin da suka riga suka san tsarin soja, don haka aka ɗebo wasu daga sojin ƙasa. Shittu Alao na cikin waɗanda aka zaɓa a 1963, aka tura shi Jamus ya yi kwas a kan yadda ake tafiyar da rundunar sama. Da ya dawo sai aka ajiye shi a hedikwatar rundunar da ke Legas, a ɓangaren tsara ayyuka.

Jiragen da Jamusawa suka kawo na koyon tuƙi ne da na jigila da na kai saƙo, irin su Piaggio P.149 da Dornier Do 27. Tsarin shi ne a tafi sannu a hankali: a fara horar da matuƙa da kanikawa, a gina sansani a Kaduna, jiragen yaƙi su biyo baya idan masu tuƙa su sun ƙware. Shirin na shekaru ne, amma siyasar ƙasar ba ta jira shi ba.

Shekarar 1966

A daren 15 ga Janairu 1966 wasu manjoji suka yi juyin mulkin da ya ci rayukan Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. An kawo gawar Firayim Minista gida Bauchi aka binne, inda kabarinsa yake har yau. Mutumin da ya sa hannu aka kafa rundunar sama bai ga ta cika shekara biyu ba. Ba da daɗewa ba Jamusawa suka tattara nasu ya nasu suka tafi, aka naɗa Laftanar-Kanar George Kurubo ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci rundunar.

Ranar 29 ga Yuli na wannan shekara hafsoshin Arewa suka yi juyin mulkin ramuwa, aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi da mai masaukinsa Laftanar-Kanar Adekunle Fajuyi a Ibadan, tare da hafsoshi da ƙananan sojoji da yawa 'yan yankin Gabas. Marubuta tarihin wannan juyin mulki suna sanya sunayen hafsoshin sama biyu a cikin waɗanda ke tare da Murtala Muhammad a Legas: Manjo Shittu Alao da Manjo Musa Usman. Wannan ɓangare ne na tarihinsa, kuma bai dace a tsallake shi don ana son a yabe shi ba. A watannin Satumba da Oktoba aka yi kashe-kashen da suka rutsa da dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, ciki har da Jos da Bukuru, wato ƙasar da aka haife shi. Waɗanda suka tsira suka kwarara zuwa Gabas.

Taron sulhun da aka yi a Aburi ta ƙasar Gana a Janairun 1967 bai haifar da ɗa mai ido ba. Ranar 27 ga Mayu Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, aka ba Musa Usman gwamnan jihar Arewa maso Gabas, wadda Bauchi ke cikinta har zuwa 1976. Bayan kwana uku Odumegwu Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara. Ranar 6 ga Yuli aka fara harbe-harbe.

Shugaba ba jiragen yaƙi

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a makonnin farko na yaƙin Biyafara ce ke da rinjaye a sama. Tun a watan Afrilu aka karkatar da wani jirgin fasinja na kamfanin Nigeria Airways ƙirar Fokker F27 zuwa Inugu. Sannan Biyafara ta sayo wani tsohon jirgin jefa bama-bamai ƙirar B-26, ragowar yaƙin duniya na biyu, wanda Jan Zumbach, wani ɗan ƙasar Folan da ya yi wa Ingila yaƙi, ya riƙa tuƙawa. Da shi aka kai hari a filayen jirgin Makurɗi da Kano. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma ta nuna cewa gwamnatin tarayya ba ta da abin da za ta kare sararin samaniyarta da shi. Ban da haka, da yawa daga cikin matuƙa da kanikawan da aka horar 'yan Gabas ne, kuma sun koma gida.

A cikin wannan hali aka miƙa wa Shittu Alao ragamar rundunar ranar 5 ga Agusta 1967, shi kuwa Kurubo aka tura shi jakada a Mosko. Kwana huɗu da kama aikinsa sojojin Biyafara suka tsallake kogin Neja suka mamaye jihar Tsakiyar Yamma, suka nausa har garin Ore a kan hanyar Legas.

Ingila ta yarda ta sayar wa Najeriya bindigogi da motoci masu sulke, amma ta ƙi ba da jiragen yaƙi. Amurka ta ce ba za ta sayar wa kowane ɓangare makami ba. Sai gwamnatin Gowon ta juya ga Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta. A tsakiyar watan Agusta manyan jiragen dakon kaya na Sobiyet suka fara sauka a filin jirgin Kano ɗauke da jiragen MiG-17 a wargaje, aka harhaɗa su a nan. Daga Cekoslobakiya aka samo jiragen L-29 Delfin. A 1968 kuma aka ƙaro da wasu jiragen jefa bama-bamai ƙirar Ilyushin Il-28 daga Masar da Aljeriya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan jirage da irin aikinsa. MiG-17 an ƙera shi ne don faɗa da wani jirgin a sama, yana ɗauke da manyan bindigogi. Il-28 mai inji biyu ne, mutum uku ke aiki a cikinsa, yana iya ɗaukar bama-bamai har tan uku. Shi kuwa L-29 asalinsa jirgin koyar da tuƙi ne mai inji ɗaya da kujera biyu, amma akan rataya masa ƙananan bama-bamai biyu ko rokoki a ƙarƙashin fikafikansa. Tankinsa ƙarami ne, ba ya daɗewa a sama. Har jiragen jigila irin su DC-3 sai da aka mayar da su na jefa bam, ana turo bam ɗin da hannu ta ƙofar kaya.

Sayen jirgi abu ne na makonni idan akwai kuɗi, amma horar da wanda zai tuƙa shi a fagen fama shekaru yake ci. Wannan giɓi shi ne babbar matsalar Alao. Dole aka yi hayar matuƙa daga Masar, daga baya aka ƙara da sojojin haya daga Ingila da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe, yayin da matasan Najeriya ke koyon sababbin jiragen cikin gaggawa. Ana cikin haka kuma ana ta matsar da sansanoni gaba yayin da garuruwa ke faɗowa hannun tarayya: Benin a Satumbar 1967, Inugu da Kalaba a Oktoba, Fatakwal a Mayun 1968. Kowane sabon sansani yana bukatar man jirgi da kayan gyara da na'urar sadarwa da masu gadi, a ƙasar da damina ke lalata hanyoyi.

Kanar a kujerar matuƙi

Abin da aka fi tunawa da Shittu Alao da shi a cikin rundunar shi ne bai tsaya ga ba da umarni daga ofis a Legas ba. Yakan shiga jirgi da kansa ya je ya kai hari. A matsayinsa na shugaban runduna kuma mamba a Majalisar Ƙoli ta Soja, babu wanda zai zarge shi da ya zauna a bayan tebur. Amma rundunar da yake jagoranta ta samari ce 'yan shekara ashirin da 'yan kai, waɗanda ake tura su da jiragen da ba su daɗe da sani ba, su bi ta saman kurmi da hadari da bindigogin kakkaɓo jirgi. Kusa da su kuma ga baƙin matuƙa da ake biya maƙudan kuɗi, waɗanda ba ƙasarsu ce ke neman wargajewa ba. Shugaban da ya hau irin jirgin da yake tura yaransa a ciki ya san abin da yake nema daga gare su, su ma sun san ya sani.

Wannan hali ya dace da zamaninsa. Masu riƙe da ƙasar a lokacin duk matasa ne. Gowon ya zama shugaban ƙasa yana da shekara 31. Babban hafsan sojin ƙasa, Kanar Joseph Akahan, sa'an Alao ne, kuma shi ma daga jihar Binuwai-Filato ya fito. Juyin mulki biyu sun share manyan da za su koya musu aiki, sai suka tsinci kansu a kujerun da a ƙa'ida sai bayan shekara goma ko ashirin za su hau. Akahan ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, daga baya Hassan Usman Katsina ya hau kujerarsa.

Bama-baman da suka faɗa kasuwanni

Ba za a ba da tarihin shugaban mayaƙan sama na wancan yaƙi a yi shiru a kan waɗanda bama-baman suka faɗa wa ba. Tun a farkon yaƙi Gowon ya fitar da ƙa'idojin aiki ga sojoji, waɗanda suka hana taɓa mata da yara da asibitoci da wuraren ibada. Duk da haka, a 1968 da farkon 1969 'yan jarida da limaman mishan da ma'aikatan agaji sun yi ta ba da rahoton jiragen tarayya sun jefa bama-bamai a kasuwanni da asibitoci da unguwannin jama'a a Umuahia da Aba da ƙauyukan da ke kewaye da su. Fararen hula masu yawa sun mutu.

An fi ɗora laifin a kan baƙin matuƙan jiragen Il-28, waɗanda aka ce sukan saki bam daga can sama don gudun harbi daga ƙasa, ba tare da tantance abin da ke ƙarƙashinsu ba. Ko da haka ne, jiragen suna ɗauke da tutar Najeriya, kuma a ƙarƙashin rundunar da Alao ke shugabanta suke. Wanda ya yi hayar matuƙi ya ɗauki alhakin abin da matuƙin ya aikata. A fagen yaƙi waɗannan hare-hare ba su karya lagon Biyafara ba, a fagen diflomasiyya kuwa sun jawo wa Najeriya asara babba. Rahotannin da Winston Churchill, jikan tsohon Firayim Ministan Ingila, ya rubuta wa jaridar The Times a farkon 1969 sun tayar da ƙura a majalisar dokokin Ingila, kuma batun na cikin abin da ya kawo Firayim Minista Harold Wilson Legas a ƙarshen watan Maris na wannan shekara. Ayarin masu sa ido na ƙasa da ƙasa da Najeriya ta gayyato ya ce bai ga shaidar shirin kisan ƙare dangi ba, amma hotunan kasuwannin da aka ƙona sun riga sun zagaya duniya.

Wani ƙulli mai wuyar kwancewa shi ne filin jirgin Uli. Wani yanki ne na titin mota da Biyafara ta faɗaɗa, kuma bayan faɗuwar Fatakwal ya zama kusan ƙofa ɗaya tilo da ta rage mata. Da dare jiragen agaji na ƙungiyar Red Cross da na haɗakar coci-coci ke sauka da abinci da magani don yaran da yunwa ke kashewa, a cikin wannan duhun kuma jiragen makamai ke sauka. Gwamnatin tarayya ta nemi a riƙa kai agajin da rana bayan an bincika kayan, shugabannin Biyafara suka ƙi. Aikin rufe Uli a wuyan rundunar sama ya rataya, kuma ba ta iya rufe shi ba sai a kwanakin ƙarshe na yaƙin. Ranar 5 ga Yuni 1969 wani MiG-17 na tarayya ya harbo jirgin agaji na Red Cross ƙirar DC-7, duk ma'aikatan cikinsa suka mutu. Red Cross ta dakatar da jigilarta, coci-coci suka ci gaba da tasu.

Shekarar ƙarshe

A watan Mayu na 1969 wani sabon ciwon kai ya ɓullo. Carl Gustaf von Rosen, wani matuƙi ɗan ƙasar Suwidin, ya kawo wa Biyafara ƙananan jirage biyar ƙirar MFI-9 da aka ɗaura wa rokoki. Wannan mutum shi ne a baya ya taimaka wajen gina rundunar saman Habasha, inda wasu daga cikin matuƙan Najeriya na farko suka yi karatu. Ranar 22 ga Mayu jiragensa suka bi ƙasa-ƙasa ta saman itatuwa suka auka wa filin jirgin Fatakwal, cikin 'yan kwanaki suka sake kai hari Benin da Inugu, suka lalata jirage a inda suke ajiye. Daga baya suka koma kan tashar wutar lantarki ta Ughelli da wuraren haƙar mai. Ya zama Alao na da aiki biyu a lokaci guda: ya taimaka wa sojojin ƙasa da ke ƙoƙarin farfaɗowa bayan Biyafara ta ƙwace Owerri a watan Afrilu, ya kuma kare sansanoninsa da rijiyoyin man da ake biyan kuɗin yaƙin da su.

Ranar 15 ga Oktoba 1969 yana tuƙa jirgin L-29 shi kaɗai a sararin jihar Tsakiyar Yamma sai yanayi ya ɓaci, mansa kuma ya yi ƙasa. Ya yi ƙoƙarin saukar gaggawa a garin Uzebba, arewa da birnin Benin, cikin jihar Edo ta yau, jirgin ya daki itace. A nan ya cika. Bayan kwana biyu aka yi jana'izarsa a Legas da cikakkiyar girmamawar soja. A cikin wannan yaƙi Najeriya ta rasa shugaban sojin ƙasa da na sojin sama, dukansu a haɗarin jirgi, ba ta hannun abokan gaba ba.

An kira Emmanuel Ikwue, wanda shi ma daga sojin ƙasa ya fito, ya gaje shi. Ranar 15 ga Janairu 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya ga Gowon a barikin Dodan. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a yaƙin ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, mafi yawansu fararen hula da yunwa ta kashe. Sai a 1975 rundunar ta sami shugaba daga cikin matuƙan da ita kanta ta ɗauka ta horar tun daga tushe, wato John Yisa-Doko.

Abin da ya bari

Rundunar da Alao ya karɓa da jiragen koyon tuƙi ya bar ta da jiragen yaƙi da sansanoni a sassa daban-daban na ƙasa, da matuƙa 'yan Najeriya da suka ga yaƙi da idonsu, waɗanda daga cikinsu aka sami shugabannin rundunar na shekaru ashirin da suka biyo baya. A yau ana horar da matuƙa a Kaduna da Kano, kuma jirgin L-39 da ake koyarwa da shi a Kano ƙanen L-29 ne, kamfani ɗaya ya ƙera su. A birnin Bauchi, inda mutumin da gwamnatinsa ta kafa rundunar yake kwance, nan ne hedikwatar sashen ayyuka na musamman na sojin sama, kuma filin jirgin saman garin sunan Tafawa Ɓalewa yake ɗauke da shi. Wanda ya je gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia zai ga irin jiragen da ɓangarorin biyu suka yi amfani da su an jera su wuri guda.

Matsalolin da ya yi fama da su ba su tafi tare da shi ba. Har yanzu daga waje ake sayo jiragen, ko Super Tucano daga Amurka ko JF-17 daga Pakistan, kuma mai sayarwa yana da sharuɗɗansa kamar yadda Ingila da Amurka suka nuna a 1967. Har yanzu bam yakan faɗa inda bai kamata ba: a Janairun 2017 jirgin rundunar ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, mutane da yawa suka mutu har da ma'aikatan agaji. Har yanzu kuma ƙasar na rasa manyan hafsoshi a sama, kamar yadda aka yi a Kaduna ranar 21 ga Mayu 2021, lokacin da Laftanar-Janar Ibrahim Attahiru da muƙarrabansa suka rasu.

Ga masu aiki a ofisoshin manya akwai wani darasi na kusa. Jarumtar da ta sa Alao ya riƙa shiga jirgi da kansa ita ce ta sa yaransa suka amince da shi, kuma ita ce ta kai shi sararin Uzebba shi kaɗai a cikin ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, ana tsakiyar yaƙi, ba tare da an shirya wanda zai gaje shi ba, har sai da aka yi kusan wata biyu kafin a naɗa sabon shugaba. Wanda ke rubuta jadawalin tafiyar maigidansa, ko yake karɓar rahoton yanayi, ko yake sa hannu a takardar gyaran mota ko jirgi, aikinsa ya haɗa da iya cewa ranka ya daɗe, yau a haƙura. Maigida mai zuciya ya fi kowa bukatar irin wannan ma'aikaci a kusa da shi.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi don tunawa da 'yan mazan jiya. Sunan Kanar Shittu Alao na cikin waɗanda ranar ta shafa, haka ma matuƙa da kanikawan da suka mutu a ƙarƙashinsa, da mutanen kasuwannin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kiyaye ƙasarmu daga sake ganin irin wannan yaƙi.